Yadda ake kwafe faifan kwamfuta sukutum zuwa babba, sannan a faɗaɗa yankunansa

Tambayar da ake ta maimaitawa ita ce: faifan C ya cika maƙil, layinsa ya koma ja, an sayo sabon faifai mai girma, to yaya za a koma kansa ba tare da an sake ɗora Windows daga farko an rasa manhajoji da saituna ba? Ana iya kwashe tsohon faifan kwabo da kwabo a zuba a sabon, kwamfuta ta tashi kamar ba a taɓa ta ba. Sai dai aiki biyu ne a nan, kwafi da faɗaɗawa, kuma yawancin ɓarnar da ake yi tana zuwa ne idan aka cakuɗa su a zama ɗaya. Tsarin da wannan jagora ta bi shi ne a kwafa yadda yake, a gwada a ga kwamfuta ta tashi, sannan a taɓa girman yankuna, wato ɓangarorin da aka raba faifan irin su C. A duk tsawon aikin ba a goge komai a tsohon faifai, domin shi ne madogararka idan wani abu ya kwaɓe.

Misalin da za mu riƙe shi ne faifai mai gigabait 256 da za a mayar kan mai terabait 1.

Kayan da za ka tanada

Sabon faifai, wanda girmansa ya kai ko ya wuce na tsohon. Hanyar haɗa faifan biyu a lokaci guda: kwamfutar tebur yawanci tana da gurbi na biyu a ciki, ta cinya kuwa sai ka sami wayar USB zuwa SATA, wato bakin jona faifai da aka saba, ko ɗan gidan USB na siririn faifan nan da ake kira M.2. Filash biyu, kowanne gigabait 2 ma ya isa, ɗaya na Clonezilla, manhajar kwafe faifai, ɗaya na GParted, manhajar matsar da yankuna da sauya girmansu. Idan da manhajar Ventoy ka shirya filash, guda ɗaya zai ɗauki dukansu. Ƙaramin sukundireba. Sai wani wuri dabam da za ka ajiye muhimman fayiloli.

Manhajojin nan duka kyauta ne. Bayan kuɗin faifan, abin da za ka kashe shi ne na waya ko gidan USB, kuma gidan NVMe, wani nau'in faifan M.2, ya fi wayar SATA tsada. Wasu kamfanoni kamar Samsung da Crucial suna ba da manhajar kwafi kyauta ga wanda ya sayi faifansu, tana aiki daga cikin Windows kuma ta fi sauƙin latsawa. Mun zaɓi Clonezilla ne don ba ruwanta da sunan kamfanin faifai, kuma tana aiki a lokacin da Windows take kwance, babu fayil ɗin da ke canzawa ana tsakar kwafi.

1. Tabbatar sabon faifan zai shiga

Faifan SATA mai inci 2.5 ba shi da rikici, bakinsa iri ɗaya ne ko'ina. Rikicin yana wurin M.2. Siriri ne kamar tsinken cingam, amma iri biyu ne, akwai mai magana da SATA akwai mai magana da NVMe, kuma ba kowane gurbi ne yake karɓar dukansu ba. Duba littafin kwamfutarka ko lambar samfurin tsohon faifan. Duba tsawo ma: 2280 na nufin faɗi milimita 22, tsawo milimita 80, kuma wasu ƙananan kwamfutoci 2230 ko 2242 kaɗai suke ɗauka.

Gargaɗi: gidan USB shi ma haka yake. Idan na SATA ne kawai ka saka masa faifan NVMe, kwamfuta ba za ta ga komai ba, sai ka zaci faifan ne ya lalace. Faifan kwamfutar tebur mai inci 3.5 kuma wutar USB ba ta iya juya shi, sai da gida mai nasa abin jona wuta.

Ba sai ka yi wa sabon faifan fomat ba. Idan ka jona shi Windows ta nemi ka shirya shi, ka rufe saƙon kawai.

2. Karanta tsarin tsohon faifai

Danna maɓallin Windows da R, rubuta diskmgmt.msc. Za ka ga faifanka a kwance, an rarraba shi yanki-yanki. Ɗauki hoton wannan fuska da wayarka, za ka buƙace shi a gaba. A yawancin kwamfutocin Windows 10 da 11 jerin daga hagu zuwa dama shi ne ɗan yankin EFI da ke riƙe da bayanan tashin kwamfuta, mai megabait 100 zuwa 260, sai C, sai yankin Recovery na kayan ceton Windows a ƙarshe wanda yake kamawa daga megabait 500 zuwa kusan gigabait 1. Akwai wani ɓoyayye mai megabait 16, sunansa MSR, da wannan fuska ba ta nunawa. Ka lura sosai da abin da ke zaune a daman C, shi ne zai yanke maka yawan wahalar mataki na 7.

Sannan ka gano ko faifan MBR ne ko GPT, wato tsoho da sabon tsarin teburin yankuna: danna dama a kan sunan faifan, Properties, sai Volumes. MBR ba ya iya amfani da abin da ya wuce terabait 2. Idan sabon faifanka terabait 4 ne tsohon kuma MBR, kusan rabin kuɗinka zai zauna a banza har sai ka juya shi zuwa GPT. Kada ka yi juyin a tsohon faifai, ka bari sai mataki na 8.

3. Shirya tsohon faifai

Nan ne masu gaggawa suke tsallakewa, nan ne kuma suke dawowa da kuka.

Fara da kwafe takardu, hotuna da duk abin da ba ka iya sake samu zuwa wani wuri dabam. Kwafin faifai ba ya taɓa tsohon idan an yi shi daidai, amma kuskuren zaɓi guda ɗaya ya isa ya shafe shi cikin daƙiƙa.

Duba lafiyar faifan da manhaja irin CrystalDiskInfo. Idan ta nuna launin rawaya, ko lissafin wuraren da suka lalace ya tashi daga sifili, ko faifan yana ƙara ƙyas-ƙyas, to ka dakata. Faifai mara lafiya ba a matsa masa da bincike mai tsawo, ana ceto shi ne da manhajar ddrescue, wannan kuma wani aiki ne dabam. Idan lafiyarsa ƙalau, buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa ka rubuta:

chkdsk C: /f

Za ta ce sai an sake kunna kwamfuta. Amsa da Y, ka sake kunnawa, ka bar ta ta gama.

Sai BitLocker, makullin faifai na Windows. Kwamfutoci da yawa, musamman masu Windows 11, suna zuwa da faifai a kulle ba tare da mai ita ya sani ba. Rubuta:

manage-bde -status

Idan ya nuna faifan a kulle yake, fara nemo mabuɗin ceto mai lambobi 48, yawanci yana cikin asusunka na Microsoft, ka rubuta shi a takarda. Daga nan ka kwance kullin gaba ɗaya:

manage-bde -off C:

Kwancewar tana ɗaukar lokaci. Ci gaba da duba matsayin har ya nuna kashi 0 cikin ɗari a kulle. Dalilin yin haka shi ne Clonezilla ba ta iya bambance wurin da ke da kaya da wurin da babu a kullallen yanki, sai ta kwafe shi tas har da fanko, GParted kuma ba ta iya faɗaɗa shi.

Kashe barcin nauyi da saurin tashi, wato Hibernate da Fast Startup:

powercfg /h off

Idan ba ka yi haka ba, Windows ba ta mutuwa sosai ko da ka ce ta mutu, tana barin faifai rabi a buɗe, manhajojin da ke kan filash kuma za su ƙi taɓa shi.

Idan daga SATA za ka koma NVMe, ƙara wannan umarni don Windows ta riƙa ɗauko direban NVMe tun wurin tashi. Akwai tazara bayan alamar daidai, kada ka cire ta:

sc config stornvme start= boot

4. Shirya filash

Sauko da Clonezilla nau'in amd64 daga shafinta na asali, haka ma GParted, ka zuba su a filash da Rufus ko Ventoy. Za a goge duk abin da ke kan filash ɗin. Kashe kwamfuta, jona sabon faifai, cire duk wani faifan waje ko katin ajiya da ba ya cikin aikin. Kwamfutar cinya ta kasance a jone da caja, ta tebur kuma a kan UPS idan akwai, domin ɗaukewar wuta a tsakiya na nufin sake aikin daga farko.

Saka wayar sabon faifan a bakin USB 3, wanda cikinsa yawanci shuɗi ne. A bakin USB 2 gudun ba ya wuce megabait 30 zuwa 40 a daƙiƙa, wato gigabait 100 zai ci kusan awa ɗaya. A USB 3 da faifan SSD, mintoci kaɗan ne.

Kunna kwamfuta kana danna maɓallin zaɓen abin tashi: F12 a yawancin Dell da Lenovo, F9 a HP, Esc ko F8 a Asus.

5. Kwafin kansa

Clonezilla fuskarta shuɗiya ce da rubutu zalla, da kibiyoyi da Enter ake tafiya. Bayan harshe da madannai, bi wannan jeri: Start_Clonezilla, device-device, Beginner, disk_to_local_disk.

Yanzu za ta tambaye ka faifai biyu, kuma wannan ce fuska mafi haɗari a duk aikin. Na farko shi ne source, wanda za a kwafa daga gare shi, wato tsohon. Na biyu shi ne target, wanda za a shafe a rubuta a kansa, wato sabon. Babu C ko D a nan. Za ka ga sunaye irin sda, sdb ko nvme0n1, kowanne da girmansa da lambar samfurinsa a gefe. Kada ka dogara da sunan, domin filash ɗinka ma yana iya zama sda. Girma za ka duba. A misalinmu layin mai 256GB shi ne na farko, mai 1000GB shi ne na biyu. Idan ka juya su, fankon sabon faifai ne zai hau kan Windows ɗinka, babu kuma maɓallin komawa baya.

Gargaɗi: idan faifan cikin kwamfuta bai bayyana a jerin ba, sau da yawa saitin ajiya a BIOS, fuskar saitin kwamfuta kafin Windows ta tashi, shi ne yake kan RAID ko Intel RST. Kana iya mayar da shi AHCI don kwafin, amma dole ka komar da shi yadda yake kafin ka tashi Windows.

Idan ta tambayi binciken faifai, zaɓi -sfsck ka tsallake, tunda ka riga ka yi. Idan ta tambayi yadda za a tsara yankuna, za ka ga -k0 da -k1. Zaɓi -k0, wato a bar girman kowane yanki yadda yake. Na -k1 yana da jan hankali domin yana cike faifan nan take, amma kowane yanki yake hurawa daidai rabonsa. Daga 256 zuwa terabait 1 kusan ninki huɗu ke nan, sai Recovery da ba ya buƙatar ƙarin ko kwabo ya lashe gigabait da dama.

A ƙarshe zaɓi ta kashe kwamfuta idan ta gama. Za ta nuna gargaɗi sau biyu da sunan faifan da za a shafe. Karanta girman a kowane karo kafin ka rubuta y. Daga nan ka bar ta, kada ka motsa waya.

6. Musanya faifai, ka gwada

Cire caja, cire batir idan mai fita ne, taɓa wani ƙarfe don sauke lantarkin jikinka, ka cire tsohon faifai ka saka sabon a gurbinsa. Faifan M.2 ana tura shi ne a karkace, a kwantar, a ɗaure da ɗan sukuru guda.

Gargaɗi: tashin farko, sabon faifan kaɗai zai kasance a jone. Faifan biyu yanzu lambar shaidarsu ɗaya ce. Idan Windows ta gan su tare za ta mayar da ɗaya Offline ta daina aiki da shi, ko kwamfuta ta tashi daga tsohon kana zaton sabon ne. Kada kuma ka gwada tashi daga sabon yana cikin gidan USB, Windows ta yau da kullum ba ta tashi ta nan.

Idan ta tashi, buɗe manhajoji biyu ko uku, buɗe wasu fayiloli, sake kunnawa sau ɗaya. C zai nuna tsohon girmansa, haka ya kamata.

Idan shuɗin allo ya fito da INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, matsalar direba ce ko saitin AHCI da RAID. Duba saitin tukuna. Idan daidai yake, bar ta ta kasa tashi sau biyu ko uku har ta kai ka fuskar gyara, shiga Startup Settings, danna 4 don Safe Mode, idan ta shiga sai ka sake kunnawa yadda aka saba. Idan kuma kuskuren 0xc000000e ne, bayanan tashi ne suka ɓace. Tashi da filash na ɗora Windows, buɗe Command Prompt, ba yankin EFI harafin S ta cikin diskpart, manhajar Windows ta sarrafa faifai da umarni, tabbatar da harafin da Windows take a wannan muhallin domin ba kullum yake zama C ba, sannan:

bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI

7. Faɗaɗa yankuna

Buɗe diskmgmt.msc. Sabon faifan zai nuna gigabait 931, ba 1000 ba. Ba cuta ba ce, kamfanoni da dubu suke lissafi, Windows da 1024. A ƙarshen dama akwai baƙin fili da aka rubuta Unallocated, kusan gigabait 693 a misalinmu.

Ƙa'idar guda ce: Windows tana faɗaɗa yanki ne kawai zuwa fankon da ke manne da shi ta dama. Idan fankon yana jikin C, danna dama a kan C, Extend Volume, amince da adadin da ta cike, shi ke nan, ko minti ɗaya ba a yi. Idan Extend Volume ya dushe ba ya latsuwa, Recovery ne ya tsaya a tsakani. Hanya biyu ake bi.

Hanya ta farko, matsar da shi da GParted. Ita ce ta fi aminci, kuma ita kaɗai ta dace idan yankin na kamfanin da ya ƙera kwamfutar ne, mai gigabait da yawa, wanda ke ɗauke da ainihin Windows ɗin da ta zo da ita. A cikin Windows rubuta reagentc /disable, kashe kwamfuta, tashi da GParted. Idan saƙo ya fito cewa ba duk filin faifan ake amfani da shi ba, danna Fix. GPT yana ajiye kwafin teburinsa a ƙarshen faifai, bayan kwafi kuma yana iya zama a inda tsohon faifan ya ƙare, gyaran yana mayar da shi ƙarshen sabon. Danna dama a kan Recovery, Resize/Move. A akwatin da ya buɗe, kama tsakiyar yankin da linzami ka ja shi dama har Free space following ya zama 0. Tsakiya za ka kama, ba gefe ba, idan ka ja gefe faɗaɗa shi kake yi. Duba New size bai canza ba, Align to kuma yana kan MiB. Danna alamar aiwatarwa. Idan yankuna biyu ne a daman C, fara matsar da na can ƙarshe. Kada ka taɓa EFI, kada ka taɓa ɗan yankin nan mai megabait 16 ko da ka ga alamar gargaɗi a kansa, kada kuma ka motsa farkon C. Koma Windows, yi Extend Volume, sannan reagentc /enable.

Hanya ta biyu, a goge shi a sake gina shi, ba tare da filash ba. Ta dace da ƙaramin Recovery na Windows kawai. Fara da reagentc /disable, ka tabbatar ta ce an yi nasara, domin wannan umarnin ne yake kwashe kayan ceton ya ajiye su cikin C. Idan ta ba da kuskure, tsaya nan ka koma hanya ta farko. Sai ka shiga diskpart:

list disk
select disk 0
list partition
select partition 4
delete partition override

Lambobin 0 da 4 misali ne, ka saka abin da jerinka ya nuna, ka karanta layin sau biyu kafin ka goge. Sannan zaɓi yankin C, a misalin nan na 3:

select partition 3
extend
shrink desired=1024
create partition primary
format quick fs=ntfs
set id=de94bba4-06d1-4d40-a16a-bfd50179d6ac
gpt attributes=0x8000000000000001
exit

A faifan MBR, layuka biyun da ke gaban exit ana maye gurbinsu da set id=27. Rufe da reagentc /enable, sannan reagentc /info ya nuna Enabled. Gigabait 1 da aka ware ba almubazzaranci ba ne, ƙaramin Recovery yana sa wasu sabuntawar Windows su riƙa faɗuwa saboda rashin wuri.

Mai Linux kuma, idan fankon yana jikin yankin tushe, umarni biyu sun wadatar, ko da kwamfuta tana aiki: growpart /dev/sda 2, da tazara kafin lambar, sai resize2fs /dev/sda2 ga ext4. Ga XFS, na biyun shi ne xfs_growfs /. Ga LVM, bayan growpart sai pvresize a kan yankin, sannan lvextend -r -l +100%FREE a kan kundin tushe. Idan yankin swap ne ya tare hanya, matsar da shi da GParted maimakon gogewa, don lambar UUID ɗinsa ta ci gaba da dacewa da abin da ke cikin /etc/fstab.

8. Sauran gyare-gyare

Wanda faifansa MBR ne kuma sabon ya wuce terabait 2, yanzu ne lokacin juyi, kafin fankon da ya wuce iyakar ya samu. Tabbatar kwamfutar tana da UEFI, sabon tsarin tashi da ya maye gurbin Legacy, sannan mbr2gpt /validate /allowFullOS, idan ya wuce sai mbr2gpt /convert /allowFullOS. Manhajar tana cikin Windows 10 tun sigar 1703, kuma ba ta karɓar faifan da ke da manyan yankuna sama da uku. Da ta gama, shiga BIOS ka sauya daga Legacy zuwa UEFI, in ba haka ba kwamfuta ba za ta tashi ba. Daga nan ka koma mataki na 7.

Idan daga faifai mai juyawa ka koma SSD, rubuta fsutil behavior query DisableDeleteNotify. Amsar 0 na nufin TRIM, tsarin da ke sanar da SSD wuraren da aka goge, yana aiki. Mayar da barcin nauyi da powercfg /h on idan kana amfani da shi. Kunna BitLocker a ƙarshe bayan komai ya zauna, ka adana sabon mabuɗin, domin tsohon mai lambobi 48 ya daina aiki.

9. Tsohon faifai

Rubuta kwanan wata a jikinsa ka ajiye a aljihun tebur mako biyu, kana aiki da sabon. Idan babu abin da ya ɓace, saka shi a gidan USB, jona bayan Windows ta gama tashi. Idan ya nuna Offline, rikicin lambar shaidar nan ne. A diskpart yi list disk, zaɓe shi da girmansa, sake list disk ka ga tauraro yana kan layin mai gigabait 238, yadda Windows take nuna faifai mai 256, sannan clean. Wanda zai sayar ko ya kyautar da shi kuma clean all zai rubuta, wanda yake bin faifan da sifili daga farko har ƙarshe, yana iya ɗaukar awanni, musamman ta USB.